Yaran Malama

Likitan bai yi wa Baba Kafinta kwana-kwana ba. Da ya gama duba matarsa Malama sai ya ja tsohon bakin ƙofa, ya rage murya ya ce zuciyar ta gaji, ƙodar ma ta bi sahu, kwana biyu ne ko uku, in da wanda ya kamata a kira to a kira shi yau. Ya saɓa jakarsa ya tafi, ya bar Baba tsaye riƙe da labule.

Shekara arba'in da shida suna tare, Allah bai ba su haihuwa ba. Amma ba wanda ya taɓa jin Malama ta ce ba ta da 'ya'ya. Ta shekara talatin tana koyar da makarantar Lahadi a 'yar majami'ar da ke bayan tashar mota, kuma duk wanda ya taɓa zama a bencinta ya zama ɗanta, ko da ya yi gemu. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinta ya shanye, tun daga lokacin ba ta sake taka ƙofar gida ba.

"Maigida," ta kira shi da bakinta da ya karkace. "Na ji abin da ya ce. Kunnena dai bai shanye ba."

"Ai likita ba Allah ba ne."

"Na sani. Abu ɗaya nake so. Ka kira mini yarana su zo su yi mini waƙa. Dogo ya taho da gangarsa. Na san aiki ya yi musu yawa shi ya sa ba sa leƙo ni, amma ka ce ni ce na aiko ka."

Baba ya saki labulen. Ya ce to, ya sake cewa to, ya ɗauki hularsa.

Abin da Malama ba ta sani ba shi ne, babu sauran yaro ko ɗaya a majami'ar. Wata guda bayan kwanciyarta matasa suka kawo wa kwamitin dattawa buƙata: a ba su kujera biyu a kwamitin, a kuma bar musu Lahadi ɗaya a wata su ja ragamar sujada. Fasto ya lallaɓa aka ce a gwada sau ɗaya. Ranar gwajin suka zo da ganguna da jita da lasifikar aro, Dogo a gaba. Ana tsakiyar waƙa ta biyu Baba Kafinta, wanda shi ne shugaban dattawa, shi ya ƙera kowane benci a ɗakin da hannunsa, ya miƙe ya taka har gaba ya fizge wayar lantarki daga bango. Ɗakin ya yi tsit. Dogo ya ce, "Baba, ai da ka bari mun ƙarasa." A nan ne bakin Baba ya kufce. Ya ce nan gidan Allah ne ba gidan giya ba, kuma ɗan mashayi ba zai koya masa ibada ba. Kowa ya san halin mahaifin Dogo, amma ba wanda ya taɓa faɗa a fili. Dogo ya ajiye sandunan kiɗa ya fita. Su ashirin da uku suka bi bayansa.

Da ya dawo gida ranar Malama ta tambaye shi yadda yaranta suka yi. Ya dube ta kwance, rabin fuska a sake, ya ce sun yi ƙoƙari ƙwarai. Daga nan abin ya zame masa aikin kowace Lahadi. Yau ya ce Auta ce ta ja waƙa, wani makon ya ce an samu sababbin yara huɗu. Ya ja wa Fasto da tsofaffin matan ikilisiya kunne cewa likita ya hana a tayar mata da hankali, su ma suka kama bakinsu.

Ranar da likitan ya yi wannan magana, Baba ya bar ta a hannun ƙanwarta, wadda ta zo jinya daga wani gari ba ta san komai ba, ya nufi ofishin Fasto. Ya tarar da shi yana share ƙurar bencin baya da kansa. Da ya ji abin da ke tafe da Baba sai ya zauna, tsumman a hannunsa.

"Baba, mu goma sha ɗaya ne ranar Lahadin da ta wuce, ni ne ƙarami kuma furfura ta fara mini. Na bi yaran nan gida-gida har sau biyu. Duk amsar guda ce, ba ni na kore su ba, ba ni zan dawo da su ba."

"To ka rubuta mini inda zan same su."

"In raka ka?"

"A'a. Ka je ka zauna da ita ka yi mata addu'a. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka."

Ya fara da mai gyaran waya, wanda ake kira Injiniya, a wata rumfar gilashi bakin kasuwa. Yaron na ganinsa ya yi wuf ya cire abin kunne ya tura aljihu, kamar har yanzu ɗan shekara goma ne. Ya gaishe shi da ladabi, ya saurare shi, ya ce Allah ya ba Mama sauƙi, zai duba ya gani. Idonsa na kan wata waya da ya farke cikinta. Baba ya san wannan irin dubawar, shi ma ya sha yi wa masu kawo aikin da ba ya so.

A kantin magani yarinyar da ya je nema ta ce mai kantin ba ya ba da hutu sai mutuwa. Ta faɗa ne kafin ta lura da abin da ta faɗa, ta toshe baki. A wurin wankin mota aka ce wanda yake nema ya bar gari tun bara. A wani gidan uwar yaron ce ta fito, ta ce ɗanta ya daina zuwa kowace majami'a, Lahadi barci yake har rana ta take, ta kuma dubi Baba ta ce, "Mun gode da aikinku." Ta rufe ƙofa a hankali, abin da ya fi masa ciwo da a ce bugawa ta yi.

Rana ta yi tsaka, gwiwoyinsa na ƙara kamar tsohuwar kujera. Kowane kira da ya shigo wayarsa sai gabansa ya faɗi. Ya shiga shagon ɗinkin Auta, wadda ita ce mai jan waƙa a da. Keke uku na aiki, da ta ɗaga kai ta gan shi duk suka tsaya.

"Baba, lafiya?"

Ya faɗa mata. Ta dafe kai, hawaye suka zubo a kan yadin da take ɗinkawa.

"Yanzu ne za mu ji? Mama tana mutuwa yanzu ne za mu ji?" Ta share ido da bayan hannu. "Ni zan zo ko da rarrafe. Amma sauran ba za su motsa ba sai Dogo ya motsa. Ranar da muka fita mun yi alkawari, shi aka ci wa mutunci, shi zai ce a koma."

Garejin Dogo na can ƙarshen layin masu walda, fili ne mai baƙin mai, motoci uku a buɗe. Ƙafafu biyu dogaye ne kawai suka leƙo daga ƙarƙashin wata tsohuwar bas. Baba ya yi sallama. Ƙarar sufana ta tsaya. Sai da aka ɗauki lokaci kafin Dogo ya zamo waje, ya miƙe, ya goge hannu a wandonsa.

"Sannu Baba. Mota ce ta lalace?"

"Ka san ba ni da mota."

"Shi ya sa na yi mamaki."

Baba ya buɗe baki, jawabin da ya tsara a hanya ya gudu. Bai san lokacin da gwiwoyinsa suka kai ƙasa ba, cikin man da ya jiƙe turɓaya, farin wandonsa da komai. Masu walda na maƙwabta suka kashe wuta suka zuba ido.

"Tashi Baba! Kada ka ja mini zunubi, tashi!"

"Ba zan tashi ba. Malama ce. Kwana biyu likita ya ce. Sunanka ta kira, ta ce ka zo da ganga. Ni na yi laifi, ka zage ni yadda na zage ka, a nan gaban kowa, amma ka zo."

Dogo ya kama shi ta hammata ya ɗaga shi kamar buhun auduga, ya zaunar da shi a kan wata taya.

"Sau biyu na zo gidanka, Baba. Ka tuna? Na farko da lemo, na biyu hannu rabbana. Ka tare ƙofa ka ce barci take. Ina jin tarinta daga ciki. Babana ya rasu bara, maganarka ta riga ta kai masa tun yana da rai, ya kira ni ya ce in yafe masa da ya ja mini kunya a gidan Allah. Mashayin ne ya nemi gafara, Baba. Cikin dattawa ko ɗaya bai taka wurin jana'izarsa ba sai Fasto." Ya dubi tsohon. "Tsaya tukuna. Ta ce in zo da ganga? Wato ba ta san abin da ya faru ba?"

Baba ya sunkuyar da kai.

"Me kake gaya mata duk shekarun nan?"

"Cewa kuna nan. Kuna waƙa."

Dogo ya yi wata dariya marar daɗin ji. "To so kake mu zo mu tsaya a kanta mu ƙarasa maka wasan. A'a. Matar da ta koya mini kada in yi ƙarya, ba zan yi mata ƙarya tana bakin kabari ba. Ka je ka gaya mata da bakinka, duka, har abin da ka kira ni. In ta ce har yanzu tana son ganina, zan zo."

"Zai kashe ta!"

"Ai ka ce kwana biyu ne."

Ya koma ƙarƙashin bas ɗin. Baba ya daɗe zaune a kan tayar, bai ji ƙarar sufana ta ci gaba ba.

A hanyar gida wata dabara ta zo masa, irin ta wanda ruwa ya ci. Ya biya ya kwaso tsofaffin mawaƙa uku da suka rage: matar mai gadi, da gwauruwar tsohon ma'aji, da wata da haƙoranta biyu ne a gaba. Ya tsayar da su a tsakar gida bayan taga ya ce su rera da ƙarfi, su ɗan siranta murya. Matar mai gadi ta ce, "Baba, siririyar muryata ai ta tafi tare da siririn ƙuguna." Amma suka rera. Ya shiga ɗaki ya tsaya a gefen gado yana murmushin dole.

Malama ta saurara har baiti biyu, idonta a rufe.

"Allah ya saka wa ƙawayena," ta ce. "Ka ce su shigo su zauna kada su faɗi. Ina yarana?"

Ƙanwarta ta dube shi, ta dubi baƙin man da ke gwiwoyin wandonsa, ta fita ta ja ƙofa.

Ya zauna a bakin gado ya faɗa mata. Ya fara da lasifika da yawan ƙara, yana neman inda zai raɓe, sai ya ji kunyar kansa ya tafi kai tsaye: wayar da ya fizge, kalmar da ya jefa wa Dogo, su ashirin da uku da suka fita, ƙofar da ya tare, da kowace Lahadi da ya ƙirƙiro. Yana magana yana kallon ƙirjinta, yana jiran numfashin ya tsaya.

Bai tsaya ba. Hawaye ne ya gangaro ta gefen da ke da rai.

"Sababbin yara huɗun nan fa? Waɗanda ka ce har da tagwaye a cikinsu?"

"Babu su."

"Na ba su sunaye a raina. Kullum ina yi musu addu'a." Ta ja numfashi da ƙyar. "Shekara biyu ina kwance ina cewa yarana sun manta da ni, ina ba su uzuri, ina hana zuciyata yin fushi. Ashe suna bakin ƙofa. Maigida, ciwon nan bai yi mini abin da ka yi mini ba."

"Tsoro na ji, Malama."

"Tsoron ciwona, ko tsoron idona?"

Ta ce ya kira mata ƙanwarta ta juya ta wajen bango, shi kuma ya fita.

Ya zauna a rumfar aikinsa tsakanin katakai har rana ta faɗi, ba a kira shi ba. Da gari ya waye ƙanwar ta fito ta ce jikin ya ƙara sauka, ruwa ma sai da cokali. Ta ce Yaya ta ba da saƙo: a gaya wa Dogo ta ce ya zo, in ya tsaya jan aji ita za ta riga shi tafiya.

Baba bai tsaya neman mota ba. Ya isa garejin ana buɗe ƙofar ƙarfe, numfashinsa na fita da ƙyar, ya faɗi saƙon kalma-kalma yadda aka ba shi. Dogo ya dube shi ido cikin ido, sannan ya zaro waya.

Kafin rana ta take su tara suka cika ɗakin, kowa da kayan aikinsa a jiki. Auta da tef ɗin awo a wuya, Injiniya, yarinyar kantin magani da ta ce in mai kantin ya ga dama ya kore ta. Dogo ya shigo ƙarshe, sai da ya sunkuya saboda ƙofa, 'yar ƙaramar ganga a hammata. Baba ya tsaya daga waje jikin taga.

Malama ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya tana kiran kowa da sunan da ta sa masa yana ƙarami. Auta ta fara kuka, ta ce ta yi mata shiru. Muryar ba ta fi raɗa ba, sai da suka matso.

"Tsoho ɗaya ya daka muku tsawa, sai kuka kwashe kuka bar masa gidan Allah? Na ubansa ne?"

Wani ya yi dariya cikin hawaye.

"Dogo, zo nan. Abin da aka ce maka ƙarya ne a gaban Allah. Babanka shi ya kawo ka ajina a kafaɗarsa, ya ce in gyara masa ɗansa tunda shi ya kasa gyara kansa. Ban taɓa ganin uba mai son ɗansa haka ba." Ta huta. "To ku yi mini. Kada ku rage ƙara, ba na son waƙar asibiti."

Suka yi. Gangar ta cika ɗakin har gilashin taga na rawa a kafaɗar Baba, maƙwabta suka fito ƙofar gidajensu. Yatsun hannunta mai lafiya na bugun katifa. Waƙa huɗu suka yi, a ta biyar barci ya ɗauke ta, suka fita a kan yatsun ƙafa.

Da yamma ta farka ta ce ƙishirwa take ji. Ƙanwarta ta ɗauko cokali, ta kawar da kai, ta ce a kira mai gidan ya ba ta. Ya ba ta cokali uku, rabi na zubewa. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta dai riƙe ɗan yatsansa har ta sake yin barci. Washegari da hantsi ta cika.

A wurin jana'iza su goma sha shida suka zo, su suka ɗauke ta. Da aka watse Dogo ya tsaya gaban Baba, ƙasa a gwiwar wandonsa.

"Don ita na zo. Ban dawo ba, Baba, kada ka sa rai."

"Na ji. Ka nuna mini kabarin babanka wata rana?"

Dogo ya kaɗe ƙasar da ke gwiwarsa. "Zan yi tunani," ya ce, ya tafi.

Lahadin da ta biyo baya matasa huɗu ne suka shigo majami'a, suka zauna can baya kusa da ƙofa. Bayan sujada kwamitin dattawa ya zauna, Baba ya miƙe ya ce a ba matasa kujeru biyun da suka nema, in babu wuri a ɗauki tasa. Sakataren kwamiti, sa'ansa ne kuma abokinsa tun ƙuruciya, ya ce baƙin ciki ne ke magana ba Baba ba, yaran da suka yi wa ikilisiya yaji ba za a saka musu da kujera ba. Aka yi ta ja har muryoyi suka tashi. Da aka ɗaga hannu, uku da uku. Fasto ya ce a ɗage sai wani makon.

Baba ya fito jiri na ɗibarsa, ya tarar da Auta zaune a kan dakalin ƙofa tana jira.

"Yaya aka yi?"

"Ba su yarda ba tukuna. Sakatare ne ya kafe."

"Ina ne gidansa?"

"Me za ki yi masa?"

"Gaishe shi zan yi. Ko gaisuwar ma sai kwamiti ya zauna?" Ta miƙe ta kaɗe zanenta, ta dube shi sama da ƙasa. "Baba, yaushe rabonka da abinci?"

Ya yi ƙoƙarin tunawa, ya kasa.

"Mu je ka ci tukuna," ta ce. "Sannan ka raka ni."